Wayar Gabas

Hasumiyar ta faɗi da safiyar Talata, da Yaya a kanta. Mita goma sha biyar ce ta ƙarfe, wayoyi uku masu kauri ke riƙe da ita daga kusurwa uku na filin bayan gida, kuma Yaya ya hau ta ya fi sau ɗari ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. Ran nan ya hau don ya gyara zaman eriyarsa, ya ɗaura bel ɗinsa a can ƙoli kamar yadda ya saba, sai wayar gabas ta saki. Bel ɗin dai bai ci amanarsa ba, ya riƙe shi gam a jikin ƙarfen har ƙasa.

Kafin la'asar 'yan sanda sun ga bakin wayar, suka ce yanke ta aka yi. Kafin magariba unguwa ta gama shari'arta, ta ce Tela ne. Gidansa ne a jikin katangar gabas, kuma kowa ya san shekara biyu ke nan yana mita cewa muryar Yaya na fitowa ta talabijin ɗinsa. Har aka samu mai rantsuwa cewa ya ji shi da kunnensa yana cewa wata rana sai ya kwantar da ƙarfen nan. Aka tafi da shi da tef ɗin awo a wuya.

Ƙanin mamacin, wanda kowa ke kira Kunne, bai ce Tela ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Shekara talatin ya yi a kamfanin sadarwa yana bin sawun sigina, in wata ƙara ta shiga layin mutane shi ake turawa ya gano daga wane gida take fitowa. Da ya yi ritaya sai ya bi wansa cikin ƙungiyar masu rediyon sha'awa, dattawan nan da za su kafa ƙarfe ya fi gidansu tsawo don kawai su tambayi wani baƙo a hayin teku ko yana jin su da kyau. Tun da aka kira shi asibiti bai yi kuka ba. In an ajiye abinci ya ci, in an yi masa gaisuwa ya amsa. Ji yake kamar rediyon da aka kunna aka zare wa eriya, wuta na ciki amma ba abin da ke shiga.

*

Ran Alhamis matar Tela ta shigo ta'aziyya. Ba wanda ya matsa mata ta zauna. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi gaisuwarta, sannan ta bi Kunne har ƙofar gida.

"Malam, ran Litinin za su kai shi kotu. Sun ce in aka shigar da maganar kisa, shi ke nan, ba beli." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Bakinsa ne ba linzami, na sani. Amma mutumin da ko kaza sai na kai maƙwabta an yanka mana?"

Kunne ya dube ta. Ya san nan ne ya kamata ya ji tausayi, ya laluba a ransa bai samu komai ba.

"Zan duba," in ji shi.

Da ya juya sai ya ga matar Yaya tsaye a bayansa, ashe ta ji komai. Shekara talatin da biyar suna tsokanar juna, ita ta ce ya fi mijinta rowa, shi ya ce ta lalata masa wa da shagwaɓa. Yanzu ko idonsa ba ta iya kallo sosai, saboda kamarsu da marigayin.

"Duba ɗin, Kunne. In shi ne ina so in sani. In ba shi ba ne ma ina so in sani."

"To, Anti."

*

'Yan ƙungiya a garejin Shugaba suke haɗuwa. Shugaba tsohon malamin lissafi ne, bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana ba, kuma ya riga ya warware laifin tun kafin Kunne ya zauna.

"Wane Tela? Tela ya san wace waya ce ke ɗauke da nauyi? Ku dai tuna. Wata uku ke nan duk ranar da marigayi ya hau zangon rediyo na mita ashirin da tsakar rana, sai wani ya sako masa ƙugi ya danne muryarsa. Hassada ce. Nemo mana mai ƙugin nan, Kunne, ka samo mai almakashi."

Wani ya ce ai dama marigayi ya daɗe yana kukan ba a jin sa ta gabas. Wani ya ce laifin wayar ɗaure ne, tsawonta ya zo daidai da zangon, ita ke shanye masa sigina, kuma kowa ya gaya masa ya raba ta biyu ya haɗa da tangaran a tsakani, don ya tare siginar. Shugaba ya ce wannan camfi ne, ya jawo alli zai nuna a bango. Kwana biyu da binne mutum, dattawa biyar suka kaure da musu a kan wayarsa har jijiyar wuya na tashi. Kunne bai ga laifinsu ba. Irin makokin da suka iya ke nan.

Washegari da rana ta take, ya rataya ƙaramin rediyonsa a wuya, ya ɗauki eriyar hannu da ya haɗa da bututun roba da ɓallayen tef ɗin awo guda uku, ya fita. Ƙugin na nan. Ya juya a hankali har inda ya fi ƙarfi, ya bi. Wajen gidan man fetur, siginar ta ja shi hagu, bai yarda ba, don ya san rufin kwanon babban siton nan na mayar da ita kamar amsa-kuwwa. Ya zagaya ta bayan makaranta, ya sake aunawa daga can, layukan biyu suka haɗu a wani ɗan shagon sayar da lemo. Mai ƙugin da ake ta zargi da hassada wata inbata ce, na'urar juya wutar sola, mai arha a ƙarƙashin kanta, in rana ta yi zafi sola ta cika ta sai ta kama gurnani. Mai shagon bai ma taɓa jin sunan Yaya ba. Ya ga dattijo ya jiƙe da gumi, ya buɗe masa lemo mai sanyi. Kunne ya shanye a tsaye, bai ji ɗanɗanonsa ba.

*

Daga nan ya wuce ofishin 'yan sanda. Aka fito da Tela, kwana uku sun mayar da shi ɗan ƙanƙani, ya zauna a benci yana murza yatsu.

"Na faɗa, Malam. Ba zan ce ban faɗa ba. Ana tsakar kallon ƙwallo sai ka ji muryar yayanka yana kiran mutanen wata duniya. Wa ba zai yi magana ba? Amma almakashina ko zif mai kauri sai na yi da gaske."

"Ina kake lokacin?"

"A kan keke, taga a buɗe. Na ma gan shi yana hawa, ya ɗago min hannu. Faɗanmu ai ba ya hana gaisuwa."

"Me ka ji?"

"Faɗuwar mana."

"Kafin faɗuwar."

Tela ya runtse ido. "Wani abu ya ce tas. Kamar an saki faranti a siminti. Har na ce a raina yau matar gidan can ta yi ɓarna. Sai kuma ƙarfen ya fara kuka."

"Wa ya fara zuwa?"

"Ni da abokinsa Mai Walda kusan tare, yana hanya dama zai zo taya shi. Mu muka kwance bel ɗin. Kowa ya bi mota zuwa asibiti, shi ya tsaya, ya ce zai kashe wutar ɗakin rediyo kada wani ya taka waya."

Da Kunne ya koma gida ya tambayi matar Yaya ko wani faranti ya fashe ran Talata da safe. Ta dube shi kamar ya zautu. Ta ce babu.

*

Mai Walda abokin Yaya ne tun suna 'yan makaranta, shi ya ƙera hasumiyar da hannunsa. Ran Asabar da safe Kunne ya same shi a rumfarsa, injin a kashe, yana zaune a kan wata tsohuwar taya da tabarau ɗin walda a goshi ba aikin komai.

"In haɗina ka zo dubawa, je ka duba. Ko ɗaya bai buɗe ba."

"Na gani. Ba shi ya kawo ni ba. Da ka tsaya kashe wuta, me ka gani a wajen turken gabas?"

"Me zan gani? Waya a ƙasa."

"A yanke?"

"Ban tsaya kallo ba." Ya ciro tabarau ɗin, ya shiga goge shi da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa. "Kunne, ka ji shawarata. Tsautsayi ne, ka bar shi a tsautsayi. Tela kuma ba su da wata hujja a kansa, za su gaji su sake shi."

"Litinin za su kai shi kotu."

Hannun Mai Walda ya tsaya. Kunne bai ƙara ba. Ya yi masa sallama ya tafi.

*

Tun ran Talata bai leƙa bayan gidan ba. 'Yan sanda sun ɗauki hotuna sun ce kada a taɓa komai, don haka hasumiyar na nan kwance ta nufi yamma, eriyar ta lanƙwashe a ƙarƙashinta. Ya wuce inda ciyawa ta kwanta bai kalla ba, ya tafi turken gabas ya tsuguna.

Sawun ƙafa ba ya da amfani, rabin unguwa sun tattake wurin. Ya ɗauki bakin wayar. Yanka ne kam, sumul. Nan ne ma abin ya tsaya masa. Wayar ɗaure silili ne da yawa aka murɗe wuri guda, in ka yanke ta tana ɗauke da nauyin hasumiya, bakin tarwatsewa yake ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Wannan kuwa kowane sili na zaune a mazauninsa. Ya shafa da babban yatsa, ya ji danƙo, ƙura ta manne a wurin ta yi zobe mai faɗin yatsa biyu. Ya je ya ɗauko ɗaya bakin, na guntun da ke jikin hasumiya. Shi ma haka.

Ya zaro tef ya auna wayar yamma daga turke zuwa ƙoli. Ya auna guntayen gabas biyu ya haɗa. Yana nan ranar da aka yanka wayoyin uku, tsawonsu ɗaya. Ta gabas ta rasa kamu guda.

Sai ya bar kallon waya ya koma kallon ƙasa. Ya rarrafa a hankali yana buɗa ciyawa da yatsu, yana faɗaɗa da'ira, kamar mai neman allura. A gindin katanga ya same shi, wani ɗan ɓallin farin tangaran da bai fi farce ba, gefensa sabon fashi.

A ɗakin rediyo littafin kiran Yaya na buɗe a kan tebur, biro a tsakiya. Kunne ya koma baya shafi-shafi. Mako uku da suka wuce, a gefen sunayen tashoshin da ya samu, Yaya ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Gyaran gabas ya yi. Yau an ji ni sarai." Har da layi biyu a ƙarƙashi, don murna. Kunne ya daɗe yana kallon rubutun. Ya rufe littafin, ya aika wa 'yan ƙungiya cewa gobe da hantsi yana son ganin su a nan.

*

Su biyar suka zo, suka cika ɗan ɗakin. Shugaba ya zauna a kujerar Yaya, ya tuna, ya miƙe da sauri ya koma kan akwati. Mai Walda ya jingina da ƙofa. Matar Yaya ta kawo shayi, ta ajiye, ba ta fita ba.

Kunne ya ajiye guntun waya a tebur, da almakashin ƙarfe, da sauran tarkacen aiki. "Shugaba, yanko min taƙi ɗaya a nan."

"Yanzu? Me za a..." Ya ga fuskar Kunne, ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Ya jawo wayar, ya laluba cikin tarkacen ya ɗauko salatif, ya naɗe wurin tsaf, sannan ya ɗora almakashi a tsakiyar naɗin.

"Me ya sa ka naɗe?"

"Wace irin tambaya ce wannan? In ba ka naɗe ba ai bajewa za ta yi."

"Duk cikinmu nan haka za mu yi, ko ba mu yi tunani ba. Tela bai san wannan ba. Mai son kashe mutum kuma ba ya tsayawa gyara bakin waya." Muryar Kunne ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai karanta rahoton aiki. "Wayar gabas an naɗe ta kafin a yanka, wuri biyu, aka ɓare salatif ɗin daga baya. Danƙon na nan. Kuma tana kwance aka yanke ta, bayan hasumiya ta riga ta faɗi. Wanda ya yanka ba kayar da ita ya yi ba, wani abu ya cire daga tsakiya."

Ya buɗe tafin hannunsa, ɓallin tangaran na ciki.

"An raba wayar da tangaran mako uku da suka wuce. Da mai kama da ƙwai aka sa, da Yaya na nan zaune, don shi wayoyin sarƙe juna suke yi ta cikinsa, ko ya fashe ba sa rabuwa. Dogon nan aka sa, mai huda a kowane baki, na siririyar wayar eriya. Shi in ya karye, babu abin da ya rage. Shi ne farantin da Tela ya ji." Ya juya wajen ƙofa. "Kai kaɗai ka tsaya a gidan nan da aka tafi asibiti."

Mai Walda bai yi musu ba. "Ni na yanke. Na so a ce tsinkewa ta yi. Hannu ne ya yi abin da ya saba, ban ma san na naɗe ba sai da na ga salatif a yatsana."

"Kai ka sa masa, ka ɓoye kuskurenka, ka bar bawan Allah kwana biyar a kulle."

"Kwana biyar ɗin nawa ne, na ɗauka. Kullum sai in ce gobe za su sake shi. Amma ban sa ba. Marigayi ne ya sa abinsa, ban sani ba sai ran nan."

"To asirin wa kake rufawa?"

"Mu je ka kai ni, ka ce ni ne, a saki Tela. Magana ta ƙare a nan."

"Ina abin da ka cire?"

"Kunne, don girman Allah."

"Ɗauko shi."

Mai Walda ya dubi matar Yaya, ya dubi ƙasa. Ya fita wajen babur ɗinsa, suna jin ƙarar akwatin kayan aiki, ya dawo da wata baƙar leda ya ajiye a tebur bai buɗe ba. Kunne ya buɗe da kansa. Dogon tangaran ne ya rabe biyu, kowane rabi da madaukin wayarsa. A jikin ɗaya rabin akwai ɗigon koren fenti.

Ba wanda ya tambayi na wane ne. Duk wanda ya taɓa aron filaya a ƙungiyar nan ya san Kunne ke ɗiga wa kayansa koren fenti, har kusoshi, don kada su bi wani gida.

Sai a lokacin ya tuna. Bara ne, da damina. Yaya ya shigo ɗakin aikinsa yana mitar gabas, shi kuma yana sunkuye a kan wani allon rediyo da ƙarfen darma a hannu. Ya miƙa hannu cikin gwangwani ya ba shi tangaran ɗin da ya fara zuwa hannunsa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce zai samo masa na ƙwai in ya shiga gari. Yaya mutum ne mai ajiye aiki shekara kafin ya yi, Kunne kuma ya manta da zancen kafin darmar ta huce.

Shugaba ya buɗe baki zai yi bayanin cewa irin wannan na iya faruwa da kowa, ya rufe. Sauran suka sunkuyar da kai cikin kofunansu.

Matar Yaya ce ta yi magana. Wannan karon ta dube shi ido cikin ido.

"Ya tambaye ka ko zai riƙe?"

"Ya tambaya, Anti."

"Ka ce masa me?"

"Na ce zai riƙe."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Shi ya sa ya hau. A kan komai yana musu da kai, ban da ƙarfe."

Kwana biyar ba abin da ya shiga Kunne, wannan ta shiga. Baƙin ciki ne, ya gane shi, ya zo masa gaba ɗaya ta ƙirji har sai da ya dafa tebur. Mai Walda ya matso zai riƙe shi, ya ɗaga masa hannu. Ya tattara rabi biyun, ya jefa ɗan ɓallin a kansu, ya ƙulle bakin ledar.

"Je ka fito da mutumin nan," in ji matar Yaya, tana haɗa kofunan da ba wanda ya shanye. "Matarsa tun safe take tsaye a ƙofar gida."